Cokali na Biyar

A Porto, inda kogin Douro ke miƙa wuya ga teku,
akwai gida mai hawa uku da attajiran jirgi suka bari.
Yanzu zane-zane ke kwana a cikinsa,
ni kuwa nake yi musu jinya.
Da tsinke da auduga nake sammako,
in share dauɗar shekara ɗari,
faɗin farce guda kafin azahar.

Waɗanda aka rataye kaɗan ne.
Sauran suna ɗakin ƙasa, sun juya baya kamar masu fushi,
kuma bayan zane ya fi gabansa surutu:
hatimin kwastan, lambar gwanjo da aka kankare,
rasidin mai burodi da aka toshe ɓula da shi,
wani suna da aka soke da jan alli
ba a rubuta na kowa a gurbinsa ba.

Mai lamba ɗari biyu da sha bakwai ne ya hana ni barci.
Iyalin Valadares sun zauna cin abinci:
uba da sarƙar agogo, uwa cikin baƙar riga,
samari biyu, gasasshen kifi a faranti.
Mutum huɗu.
Ƙirga cokulan.

Custódio mai gadin dare ya riga ni gani.
Ya ce, shekara ashirin ina haska karen nan da tocila,
bai taɓa duban kifin ba.
Kabad ɗin kusurwa yake kallo, kunne a miƙe,
irin kallon da ake yi wa mai gida.

Muka kai zanen gaban na'urar da ke ganin ƙashi.
Katako ya zama hayaƙi, tangaran ya narke,
sai ga kafaɗa,
sai ga gashi a ɗaure,
sai ga mace zaune, haɓa a sama,
da burushi tsakanin yatsunta.

Shugaban gidan ya ce a tone ta.
Har ya fara lissafin masu sayen tikiti.

Amma akwai wata tsohuwa, Dona Ermelinda,
da ke zuwa duk Alhamis da jiƙaƙƙiyar lema,
ta zauna a bencin tsakiya har a kaɗa ƙararrawa.
Na nuna mata hoton. Ko gilashi ba ta sa ba.

Ta ce, Leopoldina ke nan, kakata.
Kada ki yi mata kuka, ba korar ta aka yi ba.
Ita ta zana su duka, har ƙayar kifin,
wanta Abílio ya sa hannu a ƙasa
don ba a sayen zanen mace a lokacin.
Daren da za ta hau jirgin Recife
ta dama fenti, ta gina kabad a kan kanta,
wai kada su ci gaba da ajiye ta
a kujerar da ta riga ta tashi.

Na ce, cokalin fa?
Ta yi dariya har da tari.
Ta ce, wanda ya tafi yakan so a ƙirga.

Ba ni da wasiƙa, ba ni da shaida.
A kundin gidan an ce 'yar ta rasu da zazzaɓi.
Tsohuwa ta ce ta kai tamanin tana sayar da zanen tsuntsaye.
Ɗayansu ya shafa fenti a kan gaskiya,
kuma babu na'urar da ke ganin wannan.

Na rubuta wa shugaba cewa fentin ba zai jure ba.
Allah ya yafe mini rabin ƙaryar.
Kabad yana nan, kare yana jira.
Cokalin kaɗai na wanke,
kwana tara ina bin sa da auduga,
har yara 'yan makaranta suka fara tsayawa,
suna ƙirgawa da yatsa, suna sake ƙirgawa.